Zai Warke Kuwa? Tarihin Awon Hankali da Hasashen Warkewar Mai Taɓin Hankali

Ina miƙa gaisuwar ban girma ga malamanmu. Waɗanda ke raye Allah ya ƙara musu lafiya, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu da rahama. Ina kuma gai da 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai na kowane aji, duk inda neman abinci ya jefa su.

Gabatarwa

'Yan ajinmu ba za su manta da wani ɗan'uwanmu mutumin Burkusuma ba, wanda ba zan kama sunansa ba domin yana nan da ransa, da iyalinsa. Muna aji huɗu ciwo ya same shi. Da farko barci ne ya ƙaurace masa, daga nan sai ya riƙa magana shi kaɗai, yana cewa ana kiran sunansa daga bayan katangar ɗakin kwana. Ranar da mahaifinsa ya zo ɗaukarsa, bayan an ɗora akwatinsa a mota, sai tsohon ya dubi malamin ajinmu ya ce, "Malam, ku da kuka yi boko, yaron nan zai warke kuwa?" Malam ya ce masa, "Baba, sai mu sa wa Allah ido." Mu kuwa yara da ke tsaye a gefe, tuni mun riga mun yanke hukunci, domin mun taso muna jin ana cewa hauka ba ya warkewa, sai dai rangwame.

Wannan tambaya ta tsohon nan ita ce maƙasudin wannan maƙala. Tambaya ce da alƙalai da bokaye da likitoci suka daɗe suna neman amsarta, har Turawa suka ƙirƙiro gwaje-gwaje iri-iri na awon hankali domin ta. Zan bi tarihin wannan nema tun daga ƙasar Gobir har Turai, sa'an nan mu dawo gida mu ga abin da aka samo.

A Ƙasar Gobir Kafin Zuwan Turawa

Kafin jihadi, idan ciwon hankali ya gagari 'yan gida, wurin 'yan bori akan nufa. A daular Gobir kuwa bori yana da shugaba a fada, wato Inna, wadda akan naɗa daga cikin matan gidan sarauta. Haka abin yake a Alƙalawa har zuwa faɗuwarta a shekarar 1808, sarautar kuma ta ci gaba a Tsibiri bayan Gobirawa sun kafa ta. Abin da 'yan bori ke fara yi shi ne su gano wane iska ne ya taɓa mutum, domin a wurinsu kowane iska da irin cutarsa. Shanyewar gaɓa ta Inna ce, shi ya sa har gobe muke cewa shan inna. Wani nau'in hauka mai duka da fizge-fizge kuma sukan jingina shi ga Sarkin Rafi. Daga sunan iskan ne sukan faɗi ko girka za ta yi amfani. Ke nan su ma suna da nasu hasashen, ko da yake a kan aƙidar da shugabannin jihadi suka yaƙa aka gina shi. Nana Asma'u, 'yar Shehu, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajoji ke kai wa matan ƙauye karatun addini, abin da ya janye mata da yawa daga dandalin bori.

Malaman fiƙihu su ma wannan tambaya ta iske su a zauren shari'a. Sun raba hauka gida biyu: wanda ya rufe mutum ruf ba ya sakinsa, da wanda ke zuwa yana tafiya. Shari'a ba ta kama mahaukaci da laifi har sai hankalinsa ya dawo, wanda hakan kansa yana nuna ana sa ran dawowar. Daɗin daɗawa, a mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halilu, idan miji ya haukace matar ta kai ƙara, alƙali ba ya raba auren nan take. Akan ba da jinkirin shekara guda domin a yi magani, in ya warke aure na nan, in bai warke ba mace ta zaɓa. A lura da hikimar da ke ciki. Alƙali bai ce shi ya san gaibu ba, lokaci ya bari ya ba da shaida. Za mu ga cewa bayan dogon kewaye, likitocin zamani sun dawo kusa da wannan matsayi.

Zamanin Turawa

Da Turawan mulkin mallaka suka zo, tsare mahaukaci ya fi damunsu a kan warkar da shi. Sun buɗe gidan mahaukata a Kalaba a 1904, da na Yaba a Ikko a 1907, sa'an nan suka kafa dokar mahaukata a 1916, wadda aka sabunta a 1958. A Arewa kuwa, galibi En'e ce ke tsare wanda ya zama barazana ga jama'a, sau da yawa a wani sashe na gidan yari. Sauran suna gida, wasu a sake, wasu a turu. Wani likita mai suna Cunyngham Brown ya zagaya ya duba waɗannan wurare, rahotonsa ya fito a 1938, amma ba a yi wani abin kirki da shawarwarinsa ba. A 1953 kuma J. C. Carothers, wanda ya yi aiki a Kenya, ya wallafa littafi a kan hankalin mutumin Afirka, inda ya riya cewa ƙwaƙwalwar baƙar fata ba ta kai ta Bature aiki ba. Wanda ya fara da irin wannan zato, ina zai tsaya tambayar ko ɗan Burkusuma zai warke?

Yadda Awon Hankali Ya Faro A Turai

A Turai, wanda ya mai da hasashen warkewa ginshiƙin ilimin ciwon hankali shi ne wani likitan Jamus, Emil Kraepelin. A garin Heidelberg ya riƙa buɗe wa kowane majinyaci kati, yana rubuta yadda ciwo ya fara da yadda ya ƙare bayan shekaru. Da katunan suka taru, sai a 1899 ya raba manyan cututtukan hankali kashi biyu bisa ga ƙarshensu. Kashi na farko shi ne ciwon da ke tashi ya kwanta, mutum ya yi ta zumuɗi da surutu, wani lokaci kuma ya faɗa baƙin ciki mai tsanani, amma a tsakani ya koma garau. Kashi na biyu shi ne wanda ke kama matasa, wanda a ganinsa ƙarshensa lalacewar hankali ne. Wannan na biyun shi ne Eugen Bleuler na Suwizalan ya raɗa wa suna sikizofireniya, ya kuma yi littafi a kansa a 1911. Ashe ba mu kaɗai ba ne muka ce hauka ba ya warkewa. Babban likitan Jamus ma ya faɗi kusan haka a kan wannan nau'i, aka kuma daɗe ana karantar da ɗaliban likitanci a kan maganarsa.

Ana cikin haka sai gwaji na takarda ya bayyana. A 1905 Alfred Binet da Theodore Simon suka tsara tambayoyin auna fahimtar yaran makaranta a birnin Paris. Waɗancan tambayoyin na auna basira da muka amsa a jarrabawar shiga sakandare, jikokin wannan gwajin ne. A 1921 Hermann Rorschach, shi ma ɗan Suwizalan, ya fito da katuna 10 masu ɗauke da ɗigon tawada da aka ninke, a nuna wa majinyaci a ce ya faɗi abin da ya gani. A 1943 kuma aka wallafa gwajin MMPI a Jami'ar Minnesota ta Amurka, mai jimloli sama da 500, mutum ya riƙa amsa "haka ne" ko "ba haka ba ne". Ba da jimawa ba masana suka fara ciro ma'aunin hasashe daga cikinsu: Bruno Klopfer da abokan aikinsa daga katunan tawada a 1951, Frank Barron daga MMPI a 1953. Burin shi ne tun ranar farko a gane wanda magani zai karɓa.

Burin ya ƙara ƙarfi domin a 1952 likitoci biyu a Paris, Jean Delay da Pierre Deniker, sun nuna cewa maganin da ma'aikatan asibitinmu suka fi sani da Largactil yana kwantar da jiye-jiye da gane-gane. Tun da ga magani ya samu, dole a so sanin wa zai amfana.

To, amma gwaje-gwajen ba su cika alkawari ba, saboda dalilai biyu. Na farko, a 1954 Paul Meehl ya tattara bincike kusan 20, ya nuna cewa ɗan lissafi mai sauƙi da aka gina a kan bayanai kaɗan yakan yi daidai da hasashen ƙwararre, ko ma ya fi shi. Shi kansa lissafin kuma a kan taron mutane yake magana. Zai iya cewa cikin mutum 100 masu irin wannan hali kaza za su samu sauƙi, amma ba zai nuna maka ko ɗanka yana cikinsu ba. Dalili na biyu ya fi shafarmu. Mutanen da aka ɗauka a matsayin ma'aunin lafiya a gwajin MMPI na farko Turawan Minnesota ne, akasarinsu 'yan'uwan marasa lafiya da suka zo dubiya asibitin jami'ar. A cikin jimlolin akwai masu taɓo aljanu da jin abin da wasu ba su ji ba. Alal misali, a kawo wannan takarda kasuwar Sabon Birni, a ba wa lafiyayyen dattijo wanda ya yi imani da samuwar aljanu kamar kowane Musulmi, wanda kuma ya taso cikin kunya da kawaici, ba mamaki alƙaluma su nuna shi a sahun marasa lafiya. Mudun wani gari ba ya auna hatsin wani gari sai an daidaita shi.

Darasin Aro Da Ibadan

Amsa mafi ƙarfi ga su Carothers daga Nijeriya ta fito. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo, ɗan Abeokuta wanda ya yi karatu a Ingila, ya fara wani tsari a Aro. Maimakon a kulle majinyata, sai aka sama musu masauki a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowane da ɗan'uwansa mai jinya, uwa ko inna ko yaya. Da safe su zo a ba su magani, da yamma su koma cikin jama'a, wasu har da zuwa gona da kasuwa. Lambo ya kuma jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki tare da su. Sunan Aro ya zagaya duniya, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

A ƙarshen shekarun 1960 wannan hukuma ta shirya babban bincike a cibiyoyi 9 na ƙasashe 9, cikinsu har da Ibadan, da Agra ta Indiya, da Landan, da Mosko, da Washington, da Aarhus ta Danmak. An auna majinyata 1,202 da tambayoyi iri ɗaya da aka fassara, aka kuma bi sawunsu. Da sakamakon bibiya ta shekara biyu ya fito a 1979, sai ya ba kowa mamaki. Majinyatan Ibadan su ne suka fi samun lafiya. Fiye da rabinsu ciwon ya tafi bayan tashin farko bai dawo ba a wannan tsakanin, alhali a Aarhus, inda asibiti da kuɗi suka wadata, waɗanda suka samu haka ba su kai ɗaya cikin goma ba. Bincike na biyu a ƙasashe 10, wanda aka wallafa a 1992, ya sake nuna irin wannan bambanci.

A Turai da Amurka ma maganar Kraepelin ta fara rushewa. Manfred Bleuler, ɗan wancan Bleuler ɗin, ya bi majinyata 208 sama da shekara 20, ya wallafa a 1972 cewa kusan rabinsu sun warke ko sun samu sauƙi mai yawa. A 1987 Courtenay Harding ta ba da rahoton mutanen jihar Vermont ta Amurka waɗanda aka riga aka fid da rai da su, aka tarar bayan kimanin shekara 30 rabi zuwa kashi biyu cikin uku sun farfaɗo sosai.

Sai dai kada mu yi saurin buga ƙirji. A 2008 wasu masana huɗu, cikinsu har da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan, sun sake duba wannan magana ta cewa an fi warkewa a ƙasashe matalauta. Suka nuna cewa majinyata da yawa sun ɓace wa masu bincike kafin a gama bibiya, wasu sun mutu, waɗanda kuma ba su taɓa zuwa asibiti ba sam ba a ƙirga su ba. Wanda ke ɗaure a turu a bayan gida ba ya shiga lissafin kowa.

Abin Da Ya Tabbata

Bayan shekara sama da ɗari ana aune-aune, abubuwan da suka fi nuna yadda ciwo zai ƙare sun zama sanannu, kuma akasarinsu ba sa bukatar katin tawada.

Na farko shi ne yadda mutum yake kafin ciwo, da yadda ciwon ya shigo. Wanda ke da sana'a da abokai da aure, ciwo ya faɗo masa farat ɗaya bayan wani tashin hankali, ya fi saurin farfaɗowa a kan wanda ciwo ya daɗe yana cinsa a hankali tun yana yaro. John Strauss da William Carpenter sun nuna haka a farkon shekarun 1970.

Na biyu shi ne tsawon lokacin da aka ɓata kafin a fara magani. Manyan nazarce-nazarce biyu da suka fito a 2005 sun haɗu a kan cewa duk yadda jinkiri ya yi tsawo, haka sauƙi ke ƙaranci.

Na uku shi ne ɗorewa a kan magani. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna cewa cikin shekara guda ciwo ya dawo wa kashi 27 cikin 100 na masu ci gaba da shan magani, amma ya dawo wa kashi 64 na waɗanda aka janye musu shi.

Na huɗu shi ne zaman gida. A Landan, George Brown, sa'an nan Christine Vaughn da Julian Leff a 1976, sun auna yadda dangi ke magana a kan majinyacinsu. A gidajen da ake yawan kushe da faɗa ko takurawa, ciwo ya dawo wa kashi 51 cikin 100 a wata 9. A gidajen da ake haƙuri da sassauci kuwa, kashi 13 ne kacal.

Wannan ba ya nufin gwaji ba shi da amfani. Inda ya fi amfani shi ne bin sawun ciwo. Akwai ma'aunin PANSS na 1987, mai abubuwa 30 da likita ke dubawa lokaci-lokaci domin ya ga ko ana ci gaba. An kuma gano cewa idan aka yi mako biyu a kan magani ba a ga ko alamar sauƙi ba, da wuya wannan maganin ya yi, sai likita ya sake shawara. Har ila yau, Michael Green ya nuna a 1996 cewa gwajin riƙe magana da tattara hankali ya fi tsananin jiye-jiye nuna wanda zai iya komawa bakin aiki. Wato dai awon zamani ya koma ga abin da alƙalin da ya yi: a ba da magani, a ba da lokaci, a riƙa dubawa.

Mu Dawo Gida

A ɓangarenmu, asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya yana Kware, kan hanyar Sakkwato zuwa Illela, an kafa shi a tsakiyar shekarun 1990. Asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo shi ma yana da sashen. Tun 1991 manufar ƙasa ta ce a shigar da kula da lafiyar hankali cikin ƙananan asibitoci, a watan Janairu na 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar doka da ta maye gurbin ta 1958. Mutanenmu ma ba ƙin asibiti suke yi ba. Wani bincike da aka yi a ƙauyen Karfi na jihar Kano, aka wallafa a 2004, ya tambayi mutum 250, kusan rabinsu suka ce asibiti suka fi so, suka kuma sa shaye-shaye a kan gaba cikin abubuwan da ke jawo ciwon. A 2020 Farfesa Gureje da abokan aikinsa sun nuna a Ibadan da Kumasi cewa idan masu maganin gargajiya da na addu'a suka haɗa kai da ma'aikatan ƙaramin asibiti, majinyata sun fi samun sauƙi. Don haka babu dalilin sa malami da likita gaba. A yi addu'a, a kuma sha magani.

Matsalarmu ita ce hanya. Daga Burkusuma ko Gatawa ko Isa zuwa Kware tafiya ce mai cin kuɗi ko da lafiya lau ake. Tun daga wajen 2019 kuma, da 'yan bindiga suka addabi yankin, dubban mutanenmu suka tsallaka Gidan Rumji da sauran garuruwan jihar Maraɗi, tafiyar ta zama ta sai da rai. Wanda maganinsa ya ƙare yakan yi watanni bai samu wani ba. Abubuwa biyu ke nan daga cikin huɗun da muka lissafa, jinkiri da yankewar magani, suka taru a kan mutanenmu, ga kuma firgicin da ke haifar da sababbin majinyata.

Kammalawa

Ɗan'uwanmu na Burkusuma ya yi kusan shekara biyu ana yawo da shi kafin wani kawunsa ya kai shi asibiti. Ya samu sauƙi, yau yana da shago da mata da 'ya'ya, yana kuma shan maganinsa. Makaranta ce dai bai koma ba. Da na ziyarce shi, ya tambaye ni labarin 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya, bai manta sunan kowa ba. Daga ƙarshe ya ce, "Ka san abin da ya fi yi mini ciwo? Duk tsawon lokacin nan babu wanda ya leƙo ni a cikinku." Ban sami abin ce masa ba.

Saboda haka ina roƙon shugabannin wannan ƙungiya su duba yiwuwar ware wani abu daga asusunmu domin kuɗin mota da na magani ga 'yan'uwanmu da iyalansu masu wannan larura. Likitoci da ma'aikatan jinya da ke cikinmu kuma su taimaka da shawara tun ciwo yana sabo. Sauranmu, wanda ya san inda wani ɗan ajinsu yake kwance, ya daure ya je ya gaishe shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir, ya saka wa malamanmu da alheri.